ARON FUSKA — Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa in sassauta wa Illo, ba a hannuna abin yake ba. Ku karanta.

*

Da hantsi aka shigo da gawar Umar gida.

Direbobin tashar Ɗan Issa suka kawo shi a bayan mota, an lulluɓe shi da mayafin wata mai tuwo. Suka ce tirela ce ta banke kabu-kabun da ya hau. Suka ce a ƙirji ya samu. Fuskarsa kuwa ko ƙwarzane babu.

Duk wanda ya ji sai ya ce alhamdu lillahi, mutuwar Juma'a, ga fuska fes.

Illo, ƙanin mamacin, shi ma ya ce alhamdu lillahi. Sai da kalmar ta fita ya gane dalilin da ya sa ya faɗe ta.

Wani direba ya miƙa masa leda. Hula, carbi, takalmi wari ɗaya, da salula da ta dagargaje kamar an daka ta a turmi.

Illo ya san salular. Ita shi da Umar suke kira wayar kasuwa. A cikinta asusun da suke juya kuɗi yake. Da ita yake abin da ya koya wa kansa tun da ya bar koleji, sayen hannun jarin kamfanonin da bai taɓa ganin ƙofarsu ba, da sayar da su. Ba ta kwana ko'ina sai ƙarƙashin matashinsa. Yau bayan asuba ya koma barci, Umar ya zare ta ya fita. Umar bai iya karatun boko ba, amma ya san kore riba ne, ja asara, kuma tun jiya komai kore ne. So yake ya je tasha ya zauna shi kaɗai yana kallo yana murmushi.

Illo ya zagaya bayan rumbu inda ba kowa. Kukan mata na tashi daga tsakar gida, ya lafa, ya sake tashi. Ya ɓanɓare bayan salular da haƙori, ya ciro layin, ya sa a tasa wayar. Rezo, wato sabis, ya kawo. Ya buɗe manhajar kamfanin, ya sa lambar sirri.

Rubutu ya fito da Faransanci. Sabuwar waya ce. Mai asusu ya nuna fuskarsa.

Wani zobe ya bayyana a tsakiyar gilashin, fuskar Illo a cikinsa, idanu jajur.

Zoben ya yi ja.

Ba kai ba ne.

Ya sani. Ai ba shi ba ne. Kamfanin na ƙetare ba ya buɗe wa mutum asusu sai da fasfo, Illo kuwa ba shi da shi. Umar ne mai fasfo, direban da ya sha ƙetare iyaka. Ranar da suka buɗe, a bakin tafki inda rezo ya fi ƙarfi, Umar ya riƙe wayar a gaban fuskarsa yana dariya har da tari.

"Aron riga na sani, aron jaki na sani," in ji shi. "Aron fuska kuma? To ga ta nan. Ka dai kula min da ita, ita kaɗai gare ni."

"Illo!"

Muryar Kawu Ilyasu ce, ƙanin mahaifiyarsu. Shi ke wa matattun unguwar wanka tun Illo bai san kansa ba.

Illo ya jefa wayar aljihu ya fito.

"Ina ka shige? Ana nemanka kana laɓe bayan rumbu kamar kaza mai ƙwai."

"Ga ni, Kawu."

"Liman ya ce da an sauko Juma'a za a sallace shi. Ba lokaci. Kai za ka zuba min ruwa."

"Ni?"

"Wa ya fi ka kusa da shi? Tahi madafa ka ɗauko ruwan magarya, an ɗora tun ɗazu."

*

Madafar ta cika da hayaƙi. Illo ya sunkuya zai ɗaga tukunyar, sai ƙofar ta yi duhu.

"Illo."

Rashida ce, matar Umar. Ta ja mayafi har goshi. Ba ta kuka. Idanunta a bushe suke, wannan ya fi kukan ba shi tsoro.

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Alhajin salula take ce masa. In ta ajiye masa tuwo sai ta ce, Alhajin salula, ga na ƙasa, na sama sai ka ci a waya.

"Yaya Rashida, sai haƙuri."

"Haƙuri na nan, ba inda za shi. Tambaya gare ni."

Ya saki tukunyar ya miƙe.

"Mi ya kai mai mota bisa kabu-kabu?"

"Mota tana garaji. A Maradi."

"Haka shi ma ya ce min. Wace irin mota ce ake gyara tun shuka har gero ya fidda kai?"

"Kayan gyara ne ba a—"

"Kalle ni."

Ya kalle ta.

"Ɗazu da suka sauke shi, na ji wani direba na cewa, da bai saida motarshi ba. Bai san ina bayan labule ba. Baban Farida ya tahi da nashi bakin. Saura naka."

Itacen murhu ya fashe, tartsatsi ya tashi.

"Ya saida."

"Kuɗin fa?"

"Suna nan."

"Nan ina?"

Ya taɓa aljihunsa.

Ta yi wata irin dariya, gajeriya, ba sauti.

"Cikin salula. Motar da ke ciyar da ɗiyana tana cikin salula."

"Ba su ɓace ba, wallahi. Sun ma ƙaru."

"Caca."

"Ba caca ba ce."

"To mi ce?"

Ya rasa ta inda zai fara. Shekarun da ya yi a bakin tafki yana kallon darussa a waya har sauro ya san shi, ragonsa da ya saida ya sa a karon farko ya narke kafin sati ya zagayo, yadda ya koma sayen ƙananan hannun jari yana haƙuri da su kamar mai kiwon kaji. Duk wannan ba abin faɗa ba ne a madafa, ga gawa a ɗaki.

"Kin san kafin alƙalami?"

"Kar ka koya min kasuwa. Ubana dillalin hatsi ne a Safo."

"To shi ne. Ka ba mai gero ɗan wani abu, ya riƙe maka buhu a farashin yau har ranar kasuwa. In gero ya hau, ba sai ka ɗauki buhu ba. Maganar da ke tsakaninku ita za ka saida wa wani, ka ci ribarka. In kuwa gero ya faɗi, ko ranar ta wuce ba ka zo ba..."

"Kafin alƙalami ya mutu."

"Ya mutu. Su can opsiyon suke ce masa. Mu ba gero muka kama ba. Hannun jarin wani kamfanin takin zamani ne."

"Taki."

"Tun bazara Yaya ke ba ni labari, duk motar taki da ta iso Ɗan Issa ba ta kwana da kaya. Ni ba na sayen abin da ban gani da idona ba, haka nake yi. Na bincika na ga ba mu kaɗai ba ne, ko'ina taki ya yi wuya. Na ce masa wannan zai hau. Ni kaɗan na so sa wa. Shi ya ce in dai na tabbata, mi ya sa za mu ci da cokali."

"Kai kuma ka karɓa."

"Na ce masa ba a sa abin da ba za a iya rasawa ba. Da bakina na faɗa masa."

"Da bakinka ka faɗa, da hannunka ka karɓa."



"Ya hau, Yaya Rashida. Jiya ya hau yadda ban taɓa gani ba. Abin da ke ciki zai sayi motar, ya sayi wata."

A karon farko idonta ya motsa.

"Yaushe ne ranar kasuwar taku?"

"Yau."

"Yau?"

"Ba a kai irin wannan ranar ƙarshe. Tun Laraba na ce mu saida, ya ce mu bar shi ya ƙara nuna. Na bi shi. Yanzu tun safe farashin ya fara gangarowa, manyan 'yan kasuwa da ke ciniki tun kafin a buɗe sun fara kwashe ribarsu. Kasuwarsu ta can ƙetare sai an sauko Juma'a take buɗewa. In na saida da buɗewa, mun tsira. In na bari ya koma ƙasa da inda muka kama, da an tashi kasuwa ba ko dala. Na taɓa gani. Kamar ƙanƙara a rana yake tafiya."

"To saida mana! Kana tsaye kana min wa'azi!"

"An kulle."

"Wa ya kulle?"

"Wayar da muke amfani da ita ta fashe. Wannan sabuwa ce a wurinsu. Sun ce sai mai asusu ya nuna fuskarshi."

"To nuna."

"Na nuna."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Illo. Wane ne mai asusun?"

Idonsa ya zame zuwa tsakar gida.

A hankali ta juya kai ta kalli ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, wanda aka sakar wa labule, aka ajiye turaren wuta a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo.

"Inna lillahi."

"Ban ce zan yi ba."

"Ka ce. Tun da na shigo idonka ke faɗa."

"Akwai hanyar takardu. A aika musu shaidar rasuwa, su—"

"Yau za su amsa?"

"A'a."

"Gobe?"

"Watanni."

"Kafin alƙalamin kuma yau zai mutu."

"Yau."

Ta matso kusa har ya ji warin hayaƙi a mayafinta. Ta rage murya.

"Farida ba ta gama firamare ba. Ummulkhairi ko yaye ban yi mata ba. Gona babu, ka sani, tun rabon gadon babanku aka saida. Motar nan ita ce gonarsu."

"Na sani."

"To saurara da kyau, Alhajin salula." Sunan ya fito kamar tofin yawu. "In ka shiga ɗakin can ka wulaƙanta min gawar miji, ban yahe maka ba, duniya da lahira."

"Na ji."

"In kuma rana ta faɗi ɗiyana ba su da komi, nan ma ban yahe ba."

"Yaya Rashida, to ya kike so in yi?"

"Kai ne mai karatu."

Ta ja mayafinta ta fita. Sai da ta kai tsakiyar mata sannan ya ji kukanta ya ɓarke, irin wanda ke fitowa daga ciki.

*

Ɗakin ya yi duhu, sai hasken da ke shigowa ta ƙaramar taga. Warin turare da kafur. An kwantar da Umar a kan tsohon ƙyauren ƙofa da aka ɗora bisa duwatsu, an rufe shi da zane daga cibiya zuwa gwiwa.

Kawu Ilyasu ya naɗe hannun riga, ya naɗa tsumma a hannunsa.

"Ka taɓa shiga wanka?"

"A'a."

"To ji. Abin da ka gani a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Ba uwa, ba aboki, ba matar da za ka aura. Mai kyau ne ko maras kyau, amana ce. Shi ba ya iya rufa wa kanshi asiri yanzu, mu ne hannunshi."

"To."

"Salularka fa?"

"A kashe take."

Ƙaryar ta fita da sauƙin da ya ba shi kunya. Wayar na aljihunsa, da ɗumi, kamar wani abu mai rai ya kwanta a cinyarsa.

"Zuba. A hankali, ba wankin mota ba ne."

Illo ya karkata butar. Ruwan ya gangara a kafaɗar Umar. Ƙirjin ya lotsa ta gefe ɗaya, ya yi baƙi. Illo ya kau da ido, sai ya faɗa kan fuskar. Ta nan ba abin da ya canza. Gemun nan da ya gyara jiya saboda Juma'a. Ɗan tabon da ke girarsa, na dutsen da Illo ya jefe shi da shi suna yara.

"Sannu, Umaru," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. "Za mu ɗaga maka hannu. Yawwa. Sannu. Za mu juya ka kaɗan."

"Kawu."

"Na'am."

"Da shi kake magana?"

"Da wa kake so in yi?"

"Yana ji ne?"

Kawu bai ɗago ba.

"Haka na tarar ana yi, haka nake yi. Wanda ya koya min ya ce yana sane da duk hannun da ya taɓa shi. Mai tausayi da mai gaggawa, duk ya sani. Bakin ne kawai aka karɓe. Zuba nan."

Butar ta goce a hannun Illo, ruwa ya fantsama a ƙasa.

"Riƙe da kyau. Kuka sai an fita."

Suka gama. Kawu ya tsane jikin, ya shafa kafur a goshi da tafin hannu. Ya yagi ƙyalle fari ya ɗaure haɓar zuwa tsakar kai. Ya tallabi kan da hannu biyu ya karkata shi dama, ya fuskantar da shi gabas.

"Wuya ya fara sandarewa. Da mun ƙara jinkiri da sai da wahala. To Umaru, ga alƙibla nan. Saura sutura."

Aka yi sallama daga waje, murya a sama.

"Malam Ilyasu! Masu haƙa sun ce a zo a gani. Kabarin ruwa yake fitarwa."

"Ruwa?"

"Wuri na biyu ke nan. Da an kai ƙugu sai ya tsatso. Sun ce tafki ne ya cika bana, a nuna musu inda za su koma."

Kawu ya miƙe. Ya kalli gawar, ya kalli Illo.

"A tudun nan ban taɓa jin an tarar da ruwa ba." Ya warware tsumman hannunsa. "Zauna da shi. Ba a barinshi shi kaɗai. Kada kowa ya shigo, kada ka taɓa komi. Yanzu zan dawo."

Labulen ya faɗi a bayansa.

*

Shiru.

Ruwa na ɗiga daga ƙyauren zuwa ramin da aka tona a ƙasa. Ɗis. Ɗis.

Daga nesa lasifikar babban masallaci ta yi ƙara, ana gwada ta.

Illo ya durƙusa ta gefen da fuskar ke kallo. Ya daɗe a haka, hannunsa a aljihu.

Ya ciro wayar don ya duba farashi kawai. Haka ya gaya wa kansa.

Farashin ya ƙara gangarowa.

"Yaya," ya ce. Muryarsa ta fito kamar ta wani. "Yaya, ni ne. Kawu ya ce kana ji."

Ɗis.

"Ba don ni ba. Wallahi ko dala ba zan taɓa ba. Don Farida ne. Don Ummu."

Ya buɗe manhajar. Zoben ya fito. Ya juya wayar, ya kai ta gaban fuskar yayansa.

Hasken gilashin ya kwanta a kan fatar, ta yi wani irin fari-fari.

Wayar ta yi gurnani a hannunsa. Ya leƙa.

A cire abin da ya rufe fuska.

Ƙyallen haɓa.

Illo ya rufe ido. Ya buɗe. Ya sa yatsu ya kwance ƙullin da Kawu ya yi. Fatar ta yi sanyi, sanyin randa. Bakin bai buɗe ba, sai leɓe da ya ɗan saki, haƙori ɗaya ya bayyana.

"Sannu, Yaya. Sannu. Zan mayar."

Ya sake ɗaga wayar.

Zoben ya fara zagayawa. Wani ɓangare nasa ya yi kore.

Sun gane shi.



Buɗe idanunka.

"Ya Allah."

Ya waiga ya kalli labule. Ba motsi. Can tsakar gida wata tsohuwa na jan salati, sauran na amsawa.

Ya sa babban yatsa da manuni a kan fatar idanun. Ya tura sama.

Ba su yi gardama ba.

Idanun Umar suka fito. Sun dushe, kamar an zuba musu ruwan koko. Ba shi suke kallo ba. Wani wuri suke kallo a bayansa, can nesa, ta cikin bango.

Koren ya ƙaru.

Ƙifta.

Illo ya zura wa rubutun ido. Ƙifta. Mutumin da aka yi wa wanka.

"Ba zai yiwu ba," ya ce a hankali. "Ka gani, Yaya, ba zai yiwu ba. Na gwada. Ka shaida na gwada."

Ya janye yatsunsa.

Fatar idanun ta sauko da kanta, sannu-sannu, ta rufe.

Wayar ta yi ƙara, 'yar siririya, mai daɗi, irin ta saƙon kuɗi.

Zoben ya kusa cika. Saura ɗan yanki kamar yankan farce.

Illo ya ji gashin jikinsa ya tashi. Fata ce ta koma wurinta, ya gaya wa kansa. Na'ura ce, ba ta san bambanci ba. Fata ce kawai.

Rubutu ya canza.

Juya kanka hagu.

Ya karanta. Ya sake karantawa.

Hagu.

Umar na kwance fuskarsa dama, tana kallon gabas, inda Kawu ya ajiye ta da hannu biyu. Hagu yamma ce. Hagu shi ne ya ɗauke fuskar yayansa daga alƙibla ya ba ta bango.

Ya sa hannu a ƙarƙashin kunnen, don ya ji kawai. Wuyan ya yi tauri kamar icen gawo. Ba juyawa zai yi ba, sai dai a murɗa. Sai an sa ƙarfi. Wataƙila sai an ji ƙara.

A ƙasan zoben wani layi ya fara raguwa. In ya ƙare, an koma farko.

Ladan ya ɗaga murya, kiran farko.

Illo ya ga Farida da jakar makaranta. Ya ga Rashida a bakin titi da tiren goro. Ya ga kansa yana wucewa ta gabansu kullum har ya tsufa.

Ya ƙara matsa hannun.

Ya tuna hannun nan da ke kwance a gefe shi ya riƙe masa keke ranar da ya fara koyo.

"A'a."

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Ya dafe ƙirjinsa da shi.

"A'a, Yaya. Ban da wannan. Su tafi. Motar ta tafi. Zan yi dako, zan yi kamun kifi, zan ciyar da su da hannuna. Ba zan kau da kai daga gabas ba. Ka yafe min abin da na riga na yi."

Hawayen da suka ƙi zuwa tun hantsi suka zo. Ya sunkuyar da kai. Wayar na nan a ɗaya hannun, a sama, ya ma manta da ita.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Sai ya ji wani sauti.

Ƙaramin sauti ne. Kamar ana taka busasshen kara a hankali, a hankali, don kada a ji.

Daga kan ƙyauren yake fitowa.

Illo bai ɗago ba. Ya kasa. Yana kallon ƙasa, yana kallon gwiwoyinsa a cikin laka, sautin na ci gaba. Gashi na gogar itace.

Ƙas.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Hasken da ke kan bango ya koma kore gaba ɗaya.

Aka ɗaga labule.

"Illo, an samu wuri, ga likkaf—"

Kawu Ilyasu ya tsaya a bakin ƙofa, farin yadi a kafaɗarsa. Bai kalli wayar ba. Bai kalli ƙyallen da ke ƙasa ba.

Ya kalli hannun Illo na dama, a sama. Ya kalli na hagu, a ƙirji.

Sannan ya kalli abin da ke kan ƙyauren, yadin ya zame daga kafaɗarsa.

"Illo," ya ce, da muryar da Illo bai taɓa ji a bakinsa ba. "Kada ka ɗago. Taso a hankali ka zo wurina."